'Ya'yan Masu Gudun Hijira a Bakin Tashar Jirgi: Amanar Wa?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Duk wanda ya fito daga Masallacin Juma'a na Fagge ya gangara wajen Tashar Jirgin Ƙasa, ko ya miƙe titin Murtala Muhammad zuwa Sabon Gari, zai iske mata zaune a gindin katanga da ƙarƙashin gada, yara ƙanana suna kutsawa tsakanin motoci da roba a hannu. Da yawa daga cikin yaran nan ba almajirai ba ne, don ba su da malami ba su da tsangaya. 'Ya'yan bayin Allah ne waɗanda 'yan bindiga suka tayar wa ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato, kamar yadda rikicin Boko Haram ya kwararo da mutanen Mubi a 2014 da na Baga a 2015.

Wannan yanki ya daɗe da sanin baƙo. Fagge zangon fatake ne tun kafin Nasara, jirgi ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari a bayansa. A 1966 kuma a wannan tasha mutanen Gabas suka yi cincirindo da 'ya'yansu suna neman hanyar tsira. To amma baƙon yau ya sha bamban, domin shi ba shi da inda zai koma.

Abin lura shi ne, sansani ne sosai aka kafa a tsakiyar birni, sai dai babu shinge, babu littafin sunaye, babu makaranta. A jihar Maraɗi ta Nijar, inda mutanen Sakkwato da Zamfara suka tsallaka tun 2019, an kwashe wasu daga bakin iyaka aka zaunar da su a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, aka rubuta sunan kowa, yara suka shiga aji. Ba a ce sun huta ba, amma idan yaro ya ɓata akwai wanda zai sani. A bakin tasha kuwa, idan yarinya 'yar shekara 7 ba ta dawo da magariba ba, wa uwarta za ta gaya wa, alhali ita kanta tsoron kame take yi?

Kada kowa ya ɗauka wannan tsoro na banza ne. A watan Oktoban 2019 'yan sanda suka bayyana yara 9 da aka sace daga unguwannin Kano aka sayar a Onica, an sauya musu suna, wasu har Hausa ta kuɓuce musu. A 2021 kotu ta yanke wa Paul Owne ɗaurin shekara 104 a kan wannan ta'asa. Waɗannan fa yara ne masu iyaye da gida da mai unguwa, iyayen suka yi shekaru suna cigiya. Ina ga wanda ke kwana a kango?

Su mahukunta ba su rasa takarda ba. Akwai dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004, akwai shelar ilmi kyauta kuma dole ta Kano a 2019, akwai dokar kare yara ta 2023, ga dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2024. An kuma ga abin da za a iya idan an so, lokacin da aka ɗauko marayu 100 daga Barno a 2015 aka sa su makarantar kwana a Mariri. Sai dai abin da talaka ya fi gani shi ne irin na 2020, da aka loda almajirai a motoci lokacin korona aka watsa su jihohi. Kame da kora ba sa koya wa yaro ko baƙi ɗaya.

Lalle wannan hakki ne a wuyan hukuma, kuma ba za a daina faɗa mata ba. Amma matashin da ke riƙe da wannan jarida shi ma ba a ɗauke masa ba. A shekara ta 2 bayan Hijira, Madina na cike da Muhajirai, ga yaƙi ga talauci, Manzon Allah (SAW) ya sanya fansar wasu kamammun Badar ta zama kowanne ya koya wa yara 10 rubutu. Bai jira sai ƙura ta lafa ba. Ɗan uwan da ya sauke Alƙur'ani ya gama sakandare, yana iya kwana a muhawara a majalisa, ashe yara 10 sun fi ƙarfinsa?

Aikin ba ya bukatar ofis. A fara da littafi guda, 'yan uwa mata su zauna da iyayen yaran su rubuta suna da shekaru da garin asali, domin mace ta fi sakin jiki da mace. A kai littafin ga mai unguwa da limami, kada abin ya zama a ɓoye. Islamiyyun Fagge su ware gurbi a kowane aji ba tare da kuɗin wata ba, sannan ɗan uwa ya riƙe hannun yaro har gaban hedimasta na firamaren gwamnati, don uwar da ba ta san gari ba tsawa ɗaya ke korar ta. Kuma a sani yaro mai yunwa ba ya zama a aji, robar nan da ke hannunsa ita ce tukunyar gidan. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari suna fitar da zakka da sadaka, sai a same su da littafin a hannu, a ce ga suna, ga aji, ga kuɗin koko da ƙosai na wata guda.