SHARHI: Gurbin likitancin iyali a horon ɗaliban likitanci a Bauchi

A watan Disamban 2022 ne Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabuwar manhajar karatu, wadda ta tsara kashi 70 cikin 100 na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike gwargwadon bukatun yankinta. Ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, wadda ke horar da ɗaliban likitanci a asibitinta na koyarwa, wannan dama ce ta sake duba irin likitan da take yayewa, da kuma matsayin fannin likitancin iyali a horonsa.

Karatun likita a Nijeriya shekara shida ne. A shekarun ƙarshe ɗalibi yana zagaya sassan asibiti, musamman manyan guda huɗu: cututtukan manya, tiyata, lafiyar yara, da lafiyar mata da haihuwa. Su ne kuma yake sake zagayawa a shekarar horon da Majalisar Kula da Likitoci ta Ƙasa ta wajabta kafin a yi masa cikakkiyar rajista. A waɗannan sassa yakan tarar da mara lafiya an riga an tantance shi, an kwantar da shi, ga gwaje-gwaje da ƙwararru a kusa.

Amma ba haka aiki yake ba a wajen asibitin koyarwa. Jihar Bauchi tana da ƙananan hukumomi 20, kuma sabon likitan da aka tura babban asibitin wata ƙaramar hukuma, ko a lokacin yi wa ƙasa hidima ko bayansa, yakan tsinci kansa ba tare da wani babban likita a gefensa ba. A safiya ɗaya zai duba yaro mai zazzaɓi, da mace mai juna biyu, da dattijo mai hawan jini da ciwon sukari. Tun da Bauchi na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi addaba, tare da Ondo da Edo, dole ya iya bambance shi da zazzaɓin cizon sauro tun a ganin farko, domin kuskure a nan na iya cin ran mara lafiya da na ma'aikatan asibiti.

Wannan shi ne aikin likitan iyali: duba kowa ba tare da la'akari da shekaru ko jinsi ko nau'in ciwo ba, da bin lafiyar mutum na tsawon lokaci, da sanin halin gidansu, da gane lokacin da ya kamata a tura shi gaba. Fanni ne mai zaman kansa a Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da aka kafa a 1979, kuma ya dace da manufar kiwon lafiya matakin farko da duniya ta amince da ita a taron Alma-Ata na 1978.

Tambayar ita ce ko a bar shi cikin darussan zaɓi, ko a ba shi zagaye na dole. Zaɓi yana da amfani, domin ɗalibin da ya zaɓi abu da kansa ya fi ba shi himma. Sai dai ɗalibai sukan karkata ga abin da jarrabawa ta fi nauyi a kansa, kuma da wuya mutum ya zaɓi fannin da bai taɓa gani ba. Mafita ita ce a haɗa biyun: zagaye na wajibi ga kowa, sannan ƙarin makonni na zaɓi ga mai sha'awa, a asibitocin garuruwa irin su Toro da Ningi da Alkaleri.

Hakan na da tsada. Ana bukatar masauki da abin hawa, sannan uwa uba ƙwararren likita da zai tsaya a kan ɗalibin. Tura ɗalibi inda babu mai koya masa ba horo ba ne, kuma haɗari ne ga marasa lafiya. Ga shi kuma ficewar likitoci zuwa Ingila da Saudiyya ta rage masu koyarwar, a daidai lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙara guraben ɗaukar ɗaliban fannonin lafiya.

Saboda haka nauyin bai rataya a wuyan jami'a ita kaɗai ba. Asibitin koyarwa na Tarayya ne, manyan asibitocin garuruwa kuwa na jiha ne. Sai ɓangarorin biyu sun yi yarjejeniya a rubuce kan asibitocin da za a yi amfani da su, da waɗanda za su kula da ɗaliban, da wanda zai ɗauki nauyin kuɗin, kafin wannan horo ya tsaya da ƙafafunsa.