Rumbun Da Mai Shi Ba Ya Riƙe Mabuɗi

A watan Maris na 2019 ne kamfanin Mozilla na Amurka ya buɗe wa jama'a wata hanya ta aika takardu da hotuna ta intanet, wadda ya raɗa wa suna Firefox Send. Kyauta ce, kuma mutum yana iya aika kayan da girmansu ya kai gigabait 1, ko 2.5 in ya yi rajista.

Hikimar abin kuwa ita ce tun a cikin kwamfutar mai aikawa ake kulle saƙon kafin ya tashi zuwa rumbun kamfanin. Mabuɗin kuma sai a liƙa shi a wutsiyar adireshin da za a bai wa mai karɓa, bayan alamar #, watau sashen da ba ya isa wurin kamfanin ko kaɗan. Saboda haka kamfanin ajiya kurum yake yi, bai san abin da ke ciki ba. Da wa'adin da aka ɗiba ya cika sai a share kayan.

To, amma wannan rufin asiri shi ne ya zama ajalin aikin. Miyagu suka farga cewa mai rumbu ba ya ganin abin da aka ajiye masa, balle ya tace, sai suka shiga yaɗa manhajojin ɓarna da na sata ta wannan hanya. A watan Yuli na 2020 Mozilla ya dakatar da aikin, a Satumba kuma ya rufe shi ɗungum.

Sai dai tun farko kamfanin ya bar rubutun manhajar a fili, kowa yana da iznin ya karanta, ya kwafa, ya gyara. Wani ɗan ƙasar Holan mai suna Tim Visée ya ɗauke ta, ya cire sunan Firefox, ya ci gaba da gyaranta da sunan Send. Ta haka gidan jarida, ko ofishin lauya, ko asibiti, kowanne yana iya kafa nasa rumbun, muddin yana da kwamfuta mai aiki dare da rana da isasshen wurin ajiya.

Lalle duk wanda ya kafa, ya sani ya gāji nauyin da ya kayar da Mozilla. Wajibi ne ya taƙaita girman kaya da kwanakin ajiya, ya san waɗanda ya buɗe wa ƙofa, ya kuma tanadi inda za a kai masa ƙara.

Har ila yau, irin wannan aiki na gayya ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwani ya gyara rubutun manhajar, wanda ya ga aibi ya sanar, mai hali ya biya kuɗin rumbu, mai alƙalami kuma ya fassara bayanin zuwa harshensa. Ga masana Hausa, wannan na ƙarshe shi ne ya fi kusa da hannu.