Mujallun Binciken Folima: Lokaci Ya Yi Da Za Su Shigo Ajin Sakandare

Duk ɗalibin da ya kai manyan azuzuwan sakandare a ɓangaren kimiyya ya gamu da babin nan da yake bayani a kan folima. Littafin karatu yakan ce ledar cefane, da bokitin roba, da zaren nailan, da auduga, da sitacin rogo, da furotin da ke cikin nama da wake, duk danginsu ɗaya, domin kowannensu an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin sinadari dubbai waɗanda suka sarƙu da juna kamar zobban sarƙa. Ɗalibi ya haddace wannan, ya zuba a takardar jarrabawa, ya ci makinsa, shi ke nan. Ba a cika gaya masa cewa wannan 'yar jimla sai da manyan masana suka yi fiye da shekara goma suna jayayya a kanta ba, kuma dandalin jayayyar shi ne shafukan mujallun bincike. Ra'ayin wannan maƙala shi ne ya kamata malaman kimiyya na sakandare su gabatar wa ɗalibansu waɗannan mujallu tun kafin su shiga jami'a, domin wanda bai san inda ilmi yake fitowa ba, da wuya ya iya bambance na ƙwarai da jabu.

Mujallar bincike ta sha bamban da jarida. Idan masani ya gama gwajinsa, sai ya rubuta abin da ya yi dalla-dalla: kayan da ya yi amfani da su, da yawansu, da zafin da ya ɗora su a kai, da abin da ya auna, da abin da yake ganin awon ya nuna. Edita ya aika da rubutun ga masana biyu ko uku na wannan fanni, waɗanda galibi ba a bayyana wa marubucin sunayensu, su bi shi da idon basira su fito da kurakuransa. Wani rubutun a mayar da shi gyara, wani a ƙi shi baki ɗaya. Wanda ya tsallake aka buga, to, ya shiga hannun duk mai ɗakin gwaje-gwaje a duniya, kuma kowa yana da ikon maimaita gwajin ya ga ko zai sami abin da aka ce an samu. Sai an gwada akan san na ƙwarai, in ji masu iya magana.

Yadda Aka Yi Jayayyar

A shekarar 1920 wani Bajamushe masanin sinadarai mai suna Hermann Staudinger, wanda a lokacin yake koyarwa a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, ya buga maƙala a mujallar Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Jamus. A ciki ya ce danƙo da makamantansa dogayen sarƙoƙi ne na gaske. Yawancin manyan fannin ba su yarda ba. A ganinsu waɗannan abubuwa ƙananan ƙwayoyi ne da suka cure wuri ɗaya, kamar yadda garin gero yake curewa ya zama dawo, wanda in aka dama shi sai ya watse. Heinrich Wieland, wanda ya sami Kyautar Nobel ta 1927, ya shawarce shi da ya bar wannan magana, ya koma ya tsarkake danƙonsa da kyau, zai ga ashe ƙwayoyin ƙanana ne.

Staudinger bai tsaya cacar baki ba. A 1922 shi da ɗalibinsa suka sa wa danƙo iskar haidurojin ta yadda za ta cinye abin da abokan jayayyarsa suke cewa shi ne yake riƙe curin. In da gaskiyarsu ce, da danƙon ya watse ya koma ƙananan ƙwayoyi. Bai watse ba. Suka buga sakamakon a mujallar Helvetica Chimica Acta. A 1926 kuma Theodor Svedberg na Jami'ar Upsala a ƙasar Suwidin ya auna nauyin ƙwayar sinadarin nan da yake ba jini launin ja, ya same shi kimanin 68,000 a ma'aunin da ƙwayar ruwa take da nauyin 18. Daga 1929 sai Wallace Carothers na kamfanin DuPont a Amurka ya shiga buga jerin maƙaloli a Journal of the American Chemical Society, inda ya nuna yadda ya ƙera irin waɗannan sarƙoƙi da hannunsa, zobe bayan zobe, ta hanyoyin haɗa sinadarai da kowa ya riga ya sani. Daga wannan aiki nasa aka sami nailan a 1935. Staudinger bai karɓi Kyautar Nobel ba sai a 1953, shekara 33 bayan maƙalarsa ta farko.

Da fannin ya tsaya da ƙafafunsa sai ya sami mujallu na kansa. Herman Mark, wanda ya gudo daga Ostiriya a 1938, ya kafa Journal of Polymer Science a birnin Niyok a 1946. Staudinger ya kafa tasa, Die Makromolekulare Chemie, a 1947. Mujallar Polymer ta fara fitowa a Ingila a 1960, Macromolecules kuma a Amurka a 1968. Wasu sun fi karkata ga aikin injiniya, kamar Polymer Engineering and Science, inda ake nazarin yadda za a narka roba a zuba ta a ma'ƙera ta fito bututu ko tanki mai ƙarko.

Kada ɗalibin ilmin halittu ya ɗauka wannan labari na 'yan ajin sinadarai ne kawai. Rudolf Signer, wanda ya yi digirinsa na uku a hannun Staudinger, shi ne ya ƙware wajen tace sinadarin gado, wato DNA, ba tare da ya tsinka dogon zarensa ba. A watan Mayu na 1950 ya kawo shi wani taro a Landan ya raba wa masu bincike, cikinsu har da Maurice Wilkins. Da wannan samfuri Rosalind Franklin da Raymond Gosling suka ɗauki hoton nan na 1952 wanda ya taimaka wa James Watson da Francis Crick suka gano siffar DNA, suka buga ta a mujallar Nature ranar 25 ga Afrilu, 1953. Maƙalar tasu ba ta fi shafi ɗaya da kaɗan ba.

Abin Da Ya Shafi Ƙasar Nan

Mai karatu yana iya cewa wannan duk tarihin Turawa ne, ina ruwan ɗalibin Katsina ko na Maraɗi? Amsar tana cikin kwatar ƙofar gidansu. Ledar ruwan sha da baƙar ledar kasuwa duk foli'etilin ne, wanda aka gano hanyar ƙera shi ta masana'antu a ɗakin gwaje-gwajen kamfanin ICI a Ingila a 1933. Ƙarkon da ya sa aka so shi, shi ne kuma ya zama masifa, domin ƙwayoyin halittar da suke ruɓar da ganye da kashin dabbobi ba su iya tsinka sarƙarsa sai da ƙyar. Shi ya sa take toshe magudanan ruwa da damina, kuma mahauta sukan tarar da ita a cure cikin tumbin akuya ko saniya.

Girman matsalar a mujalla aka auna shi. A 2017 Roland Geyer da Jenna Jambeck da Kara Lavender Law sun buga lissafinsu a Science Advances: daga farkon yin roba da yawa, wajen 1950, zuwa 2015, duniya ta ƙera tan miliyan 8,300. Daga cikin tan miliyan 6,300 da ya zama shara, kashi 9 cikin ɗari ne kawai aka sake sarrafawa, an ƙone kashi 12, sauran kashi 79 yana jibge a bola ko yana yawo a doron ƙasa da cikin ruwa.

Idan matsala ta yi girma haka, masu sayar da magani sukan yi yawa, kuma a nan ne amfanin iya karanta maƙala yake bayyana. A 2016 wasu masana na Japan sun ba da rahoto a mujallar Science cewa sun gano wata ƙwayar bakteriya a birnin Sakai wadda take cin roba. Labari ya bazu a kafafen watsa labarai kamar an gama da matsalar shara. Wanda ya buɗe maƙalar da kansa zai ga cewa robar da ake magana irin ta gorar ruwa ce, wadda ake kira PET, kuma siririn falle ne mai taushi aka ba ƙwayar, ta yi kimanin mako shida tana cinsa a zafin digiri 30. Ledar da ta toshe kwata wani sinadari ne dabam, ƙwayar ba ta taɓa shi ba.

Haka nan akwai ledojin da ake buga wa tambari cewa suna ruɓewa da kansu. Imogen Napper da Richard Thompson na Jami'ar Plymouth a Ingila sun binne irinsu a ƙasa, sun nutsar da wasu a teku, suka jira shekara uku. Sakamakon da suka buga a 2019 ya nuna cewa waɗansu daga cikin ledojin masu wannan tambari, da aka tono su, suna nan da ƙarfinsu har ana iya ɗaukar kayan cefane da su. Ɗaliban sakandare na yau su ne gobe za su zauna a hukumomin kula da muhalli da na ingancin kaya, 'yan kasuwa su kawo musu irin wannan leda suna neman sa hannu. Wanda aka koya wa ya tambaya a ina aka gwada, wa ya gwada, tsawon wane lokaci, ba za a sayar masa da ƙwai a baka ba.

Uzurorin Da Akan Kawo

Akan ce harshen mujallun ya yi wa ɗan sakandare nauyi. Gaskiya ne, yawancin maƙalolin Macromolecules ko malamin jami'a na wani fanni dabam zai sha wuya kafin ya fahimce su. Amma babu mai cewa a karanta su daga farko har ƙarshe. Kowace maƙala tana da tsakure na 'yan layuka a samanta, tana da jadawali da zane. Lissafin Geyer da abokansa, alal misali, ɗan aji biyar da ya iya kashi cikin ɗari zai iya bin sa in malami ya tsaya a kansa.

Akan kuma ce kuɗin mujallun ya fi ƙarfin makaranta. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don kuwa manyan kamfanonin ɗab'i suna tsawwala kuɗi. Sai dai abubuwa sun sauya. Science Advances kyauta ake karanta ta a intanet. Shirin African Journals Online, wanda aka fara a 1998, ya tattara ɗaruruwan mujallun Afirka wuri ɗaya, da yawa daga cikinsu na Nijeriya ne, kuma ana iya karanta tsakurensu ba tare da biyan ko kwabo ba.

Uzuri na uku ya fi sauran nauyi, wato cewa su ma mujallun ba duka ne abin dogaro ba. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar bogi cike da kurakuran da ɗalibin kirki zai gane, ya laƙaba mata sunayen marubuta da cibiyoyin Afirka waɗanda babu su, ya aika wa mujallu 304 masu karɓar kuɗi kafin su buga. Guda 157 suka karɓa. Wannan abin takaici ne, amma hujja ce ta a ƙara koyarwa. Kasuwar da jabun kuɗi ya shiga, ai ba a daina ciniki a cikinta, sai dai a koya wa yaran shago yadda ake ɗaga takarda a duba ta a haske. Mujallar da ta yi alkawarin buga rubutu cikin kwana uku in an biya, ko wadda ba a san editocinta a wata jami'a ba, ta riga ta tona asirin kanta.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Malamin sinadarai ko na ilmin halittu yana iya ware darasi ɗaya a kowane zangon karatu, ya kawo maƙala ɗaya, ya karanta tsakurenta tare da ɗalibai, ya bayyana shi da Hausa, sa'an nan ya sa su nemo amsar tambayoyi huɗu: me aka so a gano, yaya aka gwada, me aka samu, kuma me gwajin bai nuna ba. Ta huɗun ita ce ta fi koyar da hankali. Ƙungiyar ɗaliban kimiyya ta makaranta tana iya maimaita gwajin Plymouth a bayan aji: a binne leda iri uku da takarda da tsumman auduga, a tono su bayan wata uku, da shida, da tara, a rubuta abin da aka gani da kwanan wata. Jami'o'i kuma su buɗe wa malaman sakandare na kewayensu ƙofar ɗakunan karatunsu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen injiniyan folima da masaƙa, kuma malaman irin wannan sashe ba za su rasa sa'a ɗaya a shekara da za su ba wata makarantar sakandare ba.

Akwai kuma abin da ya wuce kare kai daga yaudara. Ƙaron da ake tsinka a jikin dakwara a Borno da Yobe da Jigawa, wanda ake sa wa tawada don ta kama allo, shi ma folima ne. Sudan da Cadi da Nijeriya suna cikin manyan masu samar da shi a duniya, amma yawancinsa ɗanye ake fitar da shi, a tace shi a ƙasashe irin su Faransa, a sayar wa masu yin lemon kwalba da alewa da magunguna da tsada. Nijeriya ce kuma ta fi kowace ƙasa noman rogo, kuma sitaci yana cikin abubuwan da ake bincike a kansu don yin leda mai ruɓewa ta gaskiya. Yadda irin wannan leda za ta jure zafin Sakkwato a watan Afrilu, ko bushewar hunturu a Kano, tambaya ce da ba ta dami mai bincike a Jamus ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaron da zai amsa ta a shafukan Polymer nan da shekara goma sha biyar yana zaune yanzu a wani aji huɗu, kuma ya cancanci malaminsa ya nuna masa yadda shafin yake.