Kwantiragin Koci da Alkawarin da Ake Yi wa Yaro

A watan Afrilun 2024 John Calipari ya bar Jami'ar Kentucky bayan shekara 15 yana horar da 'yan ƙwallon kwandonta, ya koma Jami'ar Arkansas a kan albashin kimanin dala miliyan 7 a shekara. Bai tafi shi kaɗai ba. DJ Wagner, Adou Thiero da Zvonimir Ivisic sun bi shi, haka ma Boogie Fland, Karter Knox da Billy Richmond, matasan da suka riga suka yi alkawarin zuwa Kentucky. Da magajinsa Mark Pope ya iso, bai tarar da ko ɗan wasa ɗaya mai tallafin karatu daga tsohuwar tawaga ba. Wannan ƙaura ta tona abin da jami'o'in Amurka suka daɗe suna rufewa: matashi ba jami'a yake zaɓa ba, mutum yake zaɓa. Saboda haka takardar da ta fi shafar makomarsa ita ce kwantiragin koci, wadda ba shi da hannu a rubuta ta.

Lamba biyu ce ke da nauyi a irin wannan takarda. Ta farko ita ce yawan shekaru, kuma ita ake nuna wa iyaye. Kocin da saura shekara biyu kwantiraginsa ya ƙare yana cikin rauni, domin abokan hamayya za su raɗa wa yaro cewa mutumin nan ba zai kai ƙarshen karatunsa ba. Shi ya sa jami'o'i kan tsawaita wa'adi ko da ba a ci kofi ba. Jami'ar Kansas ta kai abin matuƙa a 2021, da ta bai wa Bill Self kwantiragin shekara biyar wanda ake ƙara masa shekara guda a ƙarshen kowace kakar wasa, ta yadda ba ya taɓa raguwa.

Lamba ta biyu ita ce kuɗin rabuwa, kuma a nan gaskiya take. Kwantiragin da Calipari ya sa wa hannu a 2019 na shekara 10 ne, a kan dala miliyan 86. Da Kentucky ta kore shi bayan kashin da ta sha a hannun ƙaramar Jami'ar Oakland a watan Maris na 2024, da sai ta biya shi sama da dala miliyan 30. Amma da ya zaɓi tafiya don kansa, takardar ba ta ɗora masa biyan komai ba. Shekara 10 ɗin ta ɗaure jami'a, ta bar koci a sake. Yaron da aka nuna wa wannan wa'adi a falon gidansu ya ga tabbaci ne a inda babu shi.

A tsohon tsari yaron ne ke ɗaukar asarar duka. Takardar amincewa da yake sa wa hannu ta bayyana cewa da jami'a ya ƙulla, ko da koci ya tafi washegari. In ya nemi sauya makaranta, sai ya zauna shekara guda ba ya wasa. Daga 2021 katangar ta fara rushewa: hukumar NCAA ta yarda a sauya sau ɗaya ba tare da zaman jira ba, ta kuma halatta wa 'yan wasa samun kuɗi da sunansu da hotonsu. A 2024 aka cire iyakar sauyin, aka soke waccan takarda. A watan Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Masu horarwa da yawa suna kuka da wannan sauyi, kuma kukansu ba duka ne banza ba. Yana da wuya a koyar da tsarin wasa ga tawagar da ke watsewa duk shekara, ƙananan jami'o'i kuma sun zama gonar da manya ke girbe. Tony Bennett, wanda ya ci wa Virginia kofin ƙasa a 2019, ya ajiye aiki a Oktoban 2024 yana cewa bai dace da sabon yanayin ba. Sai dai ya tafi ne ana saura makonni kaɗan a fara kaka, watanni kaɗan bayan an tsawaita kwantiraginsa, lokacin da yaran da suka zo dominsa sun riga sun fara karatu. Laifi tudu ne. Amanar da ake nema daga ɗan shekara 18 ba a taɓa rubuta ta a takardar mai shekara 60 ba.

Nauyin ya fi danne baƙi. Tun da Hakeem Olajuwon ya bar Legas zuwa Houston a 1980, 'yan Najeriya ke bin wannan hanya. Bizar ɗalibta tana taƙaita musu neman kuɗi a cikin Amurka, sau da yawa kuma kocin da ya kawo su shi ne kaɗai babban da suka sani a garin. In ya tafi, sabon koci ba shi da wani alkawari a kansu.

Maganin ba shi ne a sake ɗaure 'yan wasa ba. Jami'ar da ke son tawaga mai ɗorewa ta fara da kocinta: kuɗin rabuwa ya hau kan ɓangarorin biyu da nauyi mai kama da juna, kuma a bayyana shi ga duk wanda ake zawarci. Daga nan a bai wa 'yan wasa yarjejeniyar shekaru da dama, mai kare tallafin karatunsu da kuɗinsu ko da an sauya koci. Kafin a kai ga haka, uban da ake nuna wa yawan shekaru yana da tambaya guda da ta fi kowace amfani: in kocin ya tashi tafiya gobe, nawa zai biya?