Muhallin Masu Dawowa Gida: A Dubi Kura Da Bunkure

Yaƙin da ya ɓarke a birnin Hartum ranar 15 ga watan Afrilu na 2023 ta Miladiyya, wato cikin 1444 ta Hijira, ya tilasta wa Gwamnatin Tarayya kwaso 'yan Nijeriya fiye da 2,000 daga Sudan, waɗansu ta hanyar Masar, waɗansu ta Fot Sudan. Yawancinsu 'yan makaranta ne, amma akwai magidanta da iyalansu. Bayan su kuma ga waɗanda ake dawowa da su daga Libiya da Sa'udiyya, ga ɗaliban da Gwamnatin Jihar Kano ta aika ƙaro ilimi Indiya da Uganda tun daga 2023. Ranar da jirgi ya sauka akan yi jawabi, a ɗauki hoto, a watse. Kashegari sai maigida ya fuskanci tambayar da babu wanda ya tanadar masa amsarta, wato ina zai ajiye iyalinsa, kuma da nawa?

Dangantakar ƙasar Hausa da Sudan ba ta yau ba ce. Hanyar hajji ta ƙasa ta can ta bi, kuma bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Saboda haka cikin masu dawowa akwai wanda a can aka haife shi, gidan kakansa kuwa an raba gado tuntuni. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Irin wannan mutum ba shi da inda zai dosa sai haya.

A cikin birnin Kano da kewaye haya ta zama abin da ta zama. Janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin darajar Naira cikin watan Yuni na wannan shekara, sun ɗaga kuɗin siminti da rodi da kwano, masu gidaje kuma suka ɗora wa 'yan haya. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma Naira 70,000 a 2024, Jihar Kano ta yanke 71,000, amma ƙaramin ma'aikaci ya san iyakar inda wannan kuɗi ke kai shi. Wanda ya zo daga waje kuwa wahalarsa biyu ce. Dillali na jin daga ƙetare yake sai ya ɗauka da dala ya zo, ko da kuwa da tufafin jikinsa kaɗai ya tsira. A nemi kuɗin shekara guda ko biyu gaba ɗaya, a ƙara la'ada wadda a wurare da dama takan kai kashi 10 cikin 100, sa'an nan a nuna masa ciki da falo, shi mai 'ya'ya shida.

Wannan ne ya sa ya dace a juya ido kudu da birni, wajen Kura da Bunkure da Garun Malam. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974. Daga nan ruwa ke gangarowa da kansa, ba tare da inji ba, ya bi ta Ruwan Kanya ya shiga magudanan aikin noman rani na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan hekta kimanin 22,000. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. A nan ƙasa ba ta hutu: shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da masara da rani. Ga injinan casar shinkafa a Kura, ga kasuwar kayan gwari ta Kwanar Gafan, ga tashar bincike ta Kadawa ƙarƙashin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Wanda ya karanto aikin gona ko aikin asibiti ko injiniya, da wanda ya san noman Jazira a Sudan, ba zai rasa abin yi ba. Tazarar Kura da Kano kuma ba ta wuce kilomita 30 da 'yan kai ba. Fili akwai, abinci da sauƙi, gida kuma irin na Hausa ne mai zaure da tsakar gida, inda yara za su sake.

Sai dai akwai cikas, kuma ɓoye shi ba zai amfani kowa ba. Na farko, gidajen haya ba su da yawa a waɗannan garuruwa, domin bisa al'ada mutum don iyalinsa yake gini, baƙo kuwa mai unguwa ke nema masa masauki. Ƙaramar Hukumar Bunkure kaɗai ta haura mutum 170,000 a ƙidayar 2006, kuma da kaka da lokacin tumatir 'yan ci-rani da fatake kan cika 'yan ɗakunan da ke akwai. Na biyu, yawancin cinikin haya da baki ake yin sa, babu takarda, babu rasit. Ranar da maigida zai yi wa ɗansa aure, ranar ɗan haya zai ji ana bukatar ɗaki. Na uku, inda ruwa ya kwanta akwai sauro, akwai kuma tsargiya ga yaran da ke wanka a magudanai. Na huɗu, wanda aikinsa ke birni ya yi lissafi da kyau, kada abin da ya tsira da shi a haya ya ƙare a kuɗin mota.

Akwai kuma haɗarin da ya fi waɗannan duka. Muddin bukatar muhalli ta ƙaru ba tare da tsari ba, gonaki za a fara yankawa fuloti. Kowa ya ga yadda birnin Kano ya haɗiye gonakin Kumbotso da Ungogo. Gonar da aka kashe dukiyar ƙasa aka kai mata ruwa daga Tiga, aka kuma sake gyara magudananta da rancen Bankin Duniya wanda aka amince da shi a 2014, ba wurin aza bulo ba ce. In aka yi haka an magance matsalar kwana, an haifi ta ci.

Maganin yana hannun hukuma, kuma doka ta riga ta ba da dama. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba Ƙananan Hukumomi ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a ƙasar da ba ta birni ba. Kamata ya yi Ƙananan Hukumomin Bunkure da Kura da Garun Malam su zauna da Hukumar Kogunan da hakimai, a ware filayen tudu waɗanda ruwa ba ya kaiwa, a fitar da hanyoyi da magudanai da wurin makaranta, a sa wa filayen noman rani iyakar da ba mai ƙetare ta. Hukumar Gidaje ta Jiha kuma ta tuna cewa Jihar Kano ba ta ƙare a Kundila ba. An gina unguwannin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo a gefen birni tsakanin 2011 da 2015. Rukunin ƙananan gidaje masu ɗaki uku da tsakar gida a Bunkure, waɗanda za a bayar haya ko a biya sannu a hankali, ba zai gagari gwamnati ba. Kafin nan a ƙidaya gidajen ma'aikata da hukumomi suka mallaka a yankin, wanda ya lalace a gyara, wanda babu kowa ciki a ba mai bukata.

Ya wajaba kuma Majalisar Dokokin Jiha ta dubi sha'anin haya. Jihar Legas ta yi doka a 2011 wadda ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya. Doka ba ta aiki da kanta, amma takan ba mai rauni abin riƙewa a gaban alƙali. A yi wa dillalai rajista, a ƙayyade la'ada, a buga takardar yarjejeniya da Hausa, boko da ajami, a ajiye ta a sakatariyar kowace Ƙaramar Hukuma, mai unguwa ya sa hannu shaida. Ma'aikatan da ake yanke wa kashi biyu da rabi cikin 100 na albashinsu don Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, su ma suna da hakkin a kai musu bayanin rancen har inda suke aiki.

Shi ma mai dawowa yana da nasa nauyi. Kada ya aiko wa kowa kuɗi daga ƙetare saboda hoton gida da ya gani a waya. Gani ya kori ji, kuma zuwa da kai ya fi aike. Ya sauka wajen dangi tukuna, ya bi ta hannun dagaci ko mai unguwa, ya tabbatar da ainihin mai gidan, musamman in gidan gado ne. Ya tambayi maƙwabta yadda unguwar take cikin watan Agusta, ya duba rijiya da makewayi da nisan asibiti, kuma kada ya biya ko sisi sai da takarda da shaidu.

Masu gidaje kuwa su ji tsoron Allah. Ƙasar Kano da karɓar baƙi ta yi suna, balle wannan baƙo ɗan gida ne wanda wahala ta koro, ko ilimi ya dawo da shi. Jihar da ta biya kuɗi ta ilimantar da ɗanta a waje, sa'an nan ta bar shi ya rasa wurin kwana har ya sake ɗaukar jaka, ita ta yi asara. Ruwan Tiga ya riga ya samar da abin yi a Kura da Bunkure; abin da ya rage wa hukuma shi ne ta ware filin tudu, ta kafa dokar haya, tun kafin dillalan fuloti su riga ta isa gonakin.