Rana kyauta ce, batir ne da tsada

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, aka kuma kai wutar Band A naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, farantan sola suka fara mamaye rufin gidaje a Kano. Sai dai dillalai farashin faranti suke ta shela, su yi gum a kan batirin litiyam, alhali shi ke lashe kaso mai tsoka. Ga inbata, ga ladan mai haɗawa. Da hunturu kuma sai an hau kwano da tsumma ana goge ƙura. A ganinmu, a tilasta wa dillalan rubuta wa mai saye cikakken lissafi kafin ya biya. Mai burin cajin motar lantarki da sola a gida kuwa ya sani, caja mai kilowat 7 ta fi ƙarfin inbata mai kilowat 5.