Ba Waƙar Baƙi Ke Kashe Gurmi Ba

Akwai wata Ba'amurkiya, Abigail Washburn, mai kaɗa banjo tana rera waƙa da harshen Sinanci. A 2020 ta fitar da faifai tare da Wu Fei, gwanar guzheng, abin kiɗan Sin mai tsirkiya 21. Banjon nan kuwa jikan namu ne: bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka fara harhaɗa shi da duma da fata. Danginsa su ne gurmi da molo da garaya.

Wasu na cewa irin wannan gauraye ɓata al'ada ne. Ni ban yarda ba. Washburn sai da ta koyi Sinanci, ta kuma zauna da tsofaffin waƙoƙin ƙasarsu, kafin ta haɗa biyun. Mai abu a hannu shi ke musaya a kasuwa.

Mu dubi marigayi Malam Maman Barka, wanda ya rasu a 2018. Malamin lakwal ne kafin gurmi ya fito da shi. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin Tafkin Cadi wurin Bukar Tar, ya durƙusa ya koyi biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya 5 da ya kusa ɓacewa. Daga baya ya kai shi har Turai. Da kunyar aron kayan wata ƙabila ta hana shi, da wataƙila an binne biram tare da maigidansa.

Abin da ke kashe gurmi a Babankatami da Madawa da Buza da Keita shi ne rashin magaji. Yaro ya ɗauki gurmi, a ce zai zama maroƙi. Ya zauna gaban fiyano a situdiyo, a ce ya waye. Ga Tawa da gasar Ɗan Gurmu, amma yara nawa a ajinmu suka taɓa riƙe gurmi?

Shawarata ga ƴan'uwana malamai: a lokacin ayyukan hannu, mu gayyato makaɗin gari. Ƙwarya, fata, sanda da tsirkiya ba su fi ƙarfin kowace lakwal ba. Yara su haɗa, su koyi kiɗan noma da na ƴan kokawa. In hannu ya faɗa, su ɗora waƙar Sin ko ta Indiya in sun so. Amma a gaggauta, tsofaffin makaɗan ba za su jira mu ba.